Gansakuka a cikin man shafawa: me take yi wa fata?

 Yau maganar gansakuka za mu yi. Eh, wannan koren abin da ke lulluɓe kududdufi bayan damina. Na san wani zai ce, to me ya haɗa ta da kwalliya? Ai kuwa idan kuka duba bayan kwalbar wasu mayukan shafawa masu tsada, za ku ga sunaye irin su Laminaria, Chondrus crispus ko Spirulina. Duk dangin gansakuka ne, biyun farko daga teku ake samo su.

Babban aikinta shi ne riƙe ruwa. Ciyawar teku tana zama ne a bakin gaɓa, inda ruwa ke janyewa ya bar ta a rana na awanni, amma ba ta bushewa ta mutu, saboda wani yauƙi da ke jikinta. Wannan yauƙin ake cirowa. Daga mai launin ƙasa-ƙasa ana samun aljinet, daga ja kuma karajinan, wanda shi ne ke sa wasu man goge baki da ayis kirim yin kauri. Idan aka shafa su, sai su yi wani siririn shimfiɗi a kan fata wanda ke riƙe danshi. Aljinet ma har a asibiti ana amfani da shi, ana yin abin rufe miki mai tsatsafo da ruwa da shi, likitocin haƙori kuma suna ɗaukar siffar haƙora da shi. Ga mu da hunturu ke busar wa fata har ta yi fari fat, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ku lura, janyo danshi daban, tsare shi daban. Idan iska ta bushe sosai, sai an ɗora man kaɗanya ko basilin a sama, in ba haka ba danshin tashi zai yi.

Akwai kuma astazantin, wani jan sinadari daga wata ƙaramar gansakuka ta ruwan daɗi, shi ne irin launin da ke jikin kifin salmon. Yana cikin sinadaran da ke rage illar da hasken rana da hayaƙi ke yi wa ƙwayoyin fata. Amma ba ya maye gurbin man kariya daga rana.

Kuma abin ba na Turawa ba ne kawai. A ƙasar Kanem ta Chadi, matan Kanembu sun daɗe suna tace sifirulina daga tafkuna masu kanwa, su shanya ta a kan yashi, su sa a miya, suna kiranta dihe. A Zanzibar kuwa, tun wajen 1989 mata ke noman ciyawar teku, wasunsu har sabulu suke yi da ita.

To ga inda abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Masu haɗa mai a TikTok da Instagram sun gano cewa kalmar "na gargajiya ne, ba sinadari" tana sayar da kaya. Sai a zuba koren launi, a ce haɗin ciyawar teku ne, kwana bakwai kin yi fari. 'Yar uwa, gansakuka ba ta mai da baƙi fari. Man da ya sauya miki launi cikin mako ɗaya, abin da za ki zarga shi ne haidirokwinon, ko sitiroyid, ko makyuri, waɗanda ke sa fata ta yi siriri, gaɓɓan yatsu su yi baƙi, makyuri kuma yana iya taɓa ƙoda. Ba banza ba NAFDAC ke ta gargaɗi a kan bilicin. Ku ma samari ban cire ku ba, ina ganin kwalaben da kuke ɓoyewa.

Sannan don Allah kar wani ya je kududdufin unguwa ya kwaso ya shafa a fuska. Wasu nau'in na ruwan da ke kwance suna fitar da guba mai sa ƙaiƙayi da ƙuraje, ga ƙazantar kwata da ke gangarawa ciki.

Idan za ku saya, ku duba lambar NAFDAC, ku karanta jerin kayan haɗin. Ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka idan sunan gansakukar yana can ƙarshe bayan turare, ɗan ɗigo ne kawai aka sa. Ku fara gwadawa a cikin damtse, ku jira kwana biyu kafin ku kai shi fuska.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.