IRIN HATSI DUKIYA NE, A KIYAYE SHI

A ƙasar Barmu, arewacin Tawa, hatsi shi ne abinci. Da shi ake tuwo, da shi ake fura da kunu. Amma hatsi ba iri guda ba ne. Manoman Adar sun san gargera. Mutanen Maradi suna da zango mai doguwar zangarniya. Akwai maiwa wadda ke jinkirin nuna. Kowane iri da halinsa: wani yana jure fari, wani yana nuna da wuri, wani ya fi ƙara ma jiki ƙarfi.

Daga cikin waɗannan iri na manoma ne masana ke fid da sabon iri. Ma'aikatar binciken noma ta Nijar, INRAN, wadda aka kafa a 1975, ta gyara hainikire na ƙasar Zabarma, ta samu HKP mai saurin nuna. A Sadore, kusa da Yamai, cibiyar ICRISAT tana da ɗakin sanyi inda ake ajiyar iri-iri na hatsi don kada su ɓace.

A 1976 masana sun tara irin hatsi cikin garuruwa 79 na Nijar. A 2003 suka koma garuruwan, suka sake tarawa. Da suka shibka su gefe da gefe, sai suka ga na 2003 ya riga na 1976 fid da kai. Ashe da damana ta gajarta, hatsin manoma ya bi ta. Zaɓen iri da ake yi kowace kaka yana cikin dalilin haka.

Akwai kuma zancen lafiya. Mata masu ciki da yara ƙanana da yawa suna fama da ƙarancin jini. Jiki yana bukatar sinadarin ƙarfe don ya yi jini, kuma wani hatsi ya fi wani yawansa. A 2018 aka fito da wani iri mai suna Chakti a Nijar. Cikin kilo guda yana da ƙarfe fiye da miligiram 65, alhali hatsin da aka saba yana da kamar 47. Asalinsa irin manoman arewacin Togo ne. Da sun yar da shi, da ba a same shi ba.

Saboda haka manomin da ya karɓi sabon iri kada ya cinye na kakanninsa. Ya zaɓi zangarku masu cika tun a gona, kafin yanka. Ya kauce ma shibra da masu ciwo. Ya ɗaure damen iri dabam cikin rumbu. Iska tana kai garin furen hatsi daga gona zuwa gona, don haka sabon iri yana gaurayewa. Bayan kamar damana 3 sai a nemi wani wurin malamin gona.

Irin da ya ɓace, kuɗi ba su maido shi.