Sutura a Matsayin Jari: Abin da Ɗan Kasuwar Jos Ya Kamata Ya Sani

JOS: Kafin mai ba da kaya bashi ko manajan banki ya buɗe takardun ɗan kasuwa, idonsa ya riga ya gama ƙare wa rigarsa da takalminsa kallo. Wannan kallo na ɗan lokaci yana da tasiri a kan ciniki, domin kuwa da shi ne baƙo ke fara auna ko mutumin da ke gabansa abin yarda ne.

Masana tattalin arziki sun daɗe da yin bayani a kan haka. A shekarar 1973 wani masani ɗan Amurka, Michael Spence, ya nuna cewa idan mutane biyu za su ƙulla harka alhali ɗaya bai san cikin ɗaya ba, tilas su dogara ga alamu na zahiri. To, amma ya gindaya sharaɗi, watau alama ba ta da amfani sai idan kwaikwayonta na da wuya ga maƙaryaci. Wannan nazari na cikin abubuwan da suka sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001, tare da George Akerlof da Joseph Stiglitz.

Jos gari ne da wannan magana ta fi shafa. Haƙar kuza ce ta kafa shi a farkon ƙarni na 20, ta tara Hausawa da Yarabawa da Ibo da Turawa a ƙasar Birom da Anaguta da Afizere. Saboda haka ɗan kasuwar Jos yakan yi hulɗa da wanda ba su haɗa dangi ko yare ko wurin ibada ba, kuma babu dattijon da zai tsaya masa shaida. Bugu da ƙari, gobarar da ta cinye Babbar Kasuwar Taminus a watan Fabrairu na 2002 ta raba dubban 'yan kasuwa da rumfunansu. Wanda ya koma kasa kaya a bakin titin Ahmadu Bello ya rasa rumfar da ke shaida matsayinsa, sai ya zama jikinsa da halinsa ne allon shagonsa.

Sai dai tsadar tufa ta daina zama alamar da za a dogara da ita. Tun bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 da ya karya darajar naira, gwanjo ya samu karɓuwa ƙwarai, har ma'aikaci kan sami kwat mai kyau a Kasuwar Katako da kuɗi kaɗan. Daga baya masaƙun Kaduna suka durƙushe, yadin Sin mai araha ya cika kasuwa, ciki har da wanda ke kwaikwayon shaddar Getzner ta ƙasar Ostiriya. Yanzu mai jari da marar jari duk suna iya fitowa da shiga iri ɗaya ranar taro.

Abin da ke da wuyar kwaikwayo shi ne ɗorewa. Kowa na iya aron babbar riga na yini ɗaya, amma fitowa kullum da kaya wankakku, gogaggu, ɗinki daidai jiki, takalmi a goge duk da ƙurar hunturu, wannan sai mai tsari. Abokin ciniki da ya ga haka wata shida a jere yakan ɗauka cewa haka littafin lissafin mutumin yake.

Don haka mai son auna shigarsa sai ya yi wa kansa tambayoyi uku. Ta farko, wa zan je gani? Dillalin dankali da kabeji da ke zuwa Farin Gada da asuba, idan ya sa farar shadda mai aiki, manomi zai ƙara masa farashi ko ya yi zargin bai san sana'ar ba. Shi kuma idan zai je neman kwangilar kai kaya kamfani irin su Nasco, ko ofishin gwamnati, kaftani mai natsuwa da hula, ko kwat mai duhun launi, shi ya fi dacewa. Haka 'yar kasuwa: atamfa mai kyan ɗinki da mayafi ko ɗankwali da ya dace ta fi leshi da gwala-gwalan da wurinsu gidan biki ne.

Ta biyu, shin kayan sun dace da garin? Jos tana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, kuma sanyinta a watannin Disamba da Janairu sananne ne. Wanda ya ɗora tsohuwar rigar sanyi a kan tsadadden kaftani ya ɓata duka biyun. Gara ya sa rigar sanyin cikin lissafi tun farko.

Ta uku, daga ina kuɗin zai fito? Kuɗin sutura daga riba ya kamata ya fito, kada a taɓa uwar kuɗi. Kaya kala huɗu ko biyar masu aminci da ake juyawa sun fi akwati cike da aka saya da bashi. Mai ba da rance da ya ga shigar mutum ta fi ƙarfin shagonsa yakan tambayi kansa inda kuɗinsa za su tafi. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Ya kamata kuma a tuna cewa aikin sutura buɗe ƙofa ne kawai. Bayan an zauna, cika alkawari da biyan bashi a kan lokaci su ne za su sa a sake kiran mutum, kuma Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.