Yadda Ake Koya wa Kwikwiyo Sauraron Ubangidansa

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka abin yake ga kare. Karen da bai saba amsa kiran ubangidansa ba yana iya faɗawa titi mota ta take shi, ko ya ciji ɗan maƙwabta a jawo rigima. Wannan muƙala za ta yi bayanin yadda ake horar da shi tun yana kwikwiyo.

Tushen Horon

Kare ba ya fahimtar ma'anar kalma kamar ɗan Adam. Sauti yake riƙewa, tare da abin da ke biyo bayansa. Ivan Pavlov, masanin ƙasar Rasha da ya sami kyautar Nobel a 1904, ya nuna cewa kare yakan danganta sauti da abinci, har yawu ya zubo masa da jin sautin kawai. Daga baya B. F. Skinner na Amurka ya nuna cewa dabba takan maimaita halin da ya jawo mata lada.

Matakai

Ana iya farawa tun kwikwiyo yana da mako 8. Da farko, a raɗa masa gajeren suna mai gaɓa ɗaya ko biyu. A sami wuri marar hayaniya, a kira sunan sau ɗaya. Da zarar ya ɗago ya dube ka, sai ka ce “Yawwa!” ka ba shi ɗan guntun nama nan take. Idan aka yi jinkiri, ba zai san dalilin ladan ba. Kada darasi ya wuce minti 5, amma a maimaita sau 2 ko 3 a rana. Idan ya saba, sai a koma tsakar gida inda akwai kaji da yara, sannan a riƙa rage naman a hankali, ana musanya shi da shafa da yabo.

Kada a kira shi don a doke shi. Yin haka zai sa ya danganta sunansa da azaba, ya riƙa gudu. Haka kuma, kowa a gidan ya riƙe kalma ɗaya. Idan wani ya ce “zo”, wani ya ce “taho”, rikicewa zai yi.

Kammalawa

Horon nan haƙuri yake bukata, ba ƙarfi ba. Kafin a fara fita da shi unguwa, a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin haukan kare, wadda akan yi idan ya kai wata 3.