Yadda Mai Gidan Caca Ke Cin Ribarsa

Mutane da yawa suna zaton mai gidan caca shi ma ɗan caca ne. Ko kusa. Ɗan kasuwa ne, ya riga ya yi lissafinsa tun kafin a buɗe ƙofa.

A dubi babban gidan cacan nan na Monte Carlo a ƙasar Monako, wanda kamfanin da ke riƙe da shi ya kafu a 1863. A can akwai wani faifai mai ramummuka 37, daga 0 zuwa 36. Sai a juya shi, a jefa 'yar ƙwallo, kowa ya aza kuɗinsa bisa lambar da ya zaɓa. Wanda ƙwallon ta faɗa a lambarsa, a ba shi ninki 35, a mayar masa da uwar kuɗinsa.

To, ga inda gizo ke saƙar. A ce mutum ya aza naira 100 har sau 37, watau ya fitar da naira 3,700. Bisa ƙa'idar lissafi sau ɗaya zai ci, a miƙa masa 3,600. Ɗarin nan da ta ɓace ita ce abincin mai gida, wajen kashi 2.7 cikin ɗari. Wani ya ci yau ya tafi da murna, amma tun da ana juyi dubbai, mai gida ba ya faɗuwa. A Las Vegas ta Amurka, inda aka halatta caca a 1931, sun ƙara rami guda, rabonsu ya haura kashi 5. Abin mamaki kuwa, hukumar Monako ta hana 'yan ƙasarta yin caca a gidan, sai baƙi.

Mai karatu zai ce, ina ruwan mutumin Gaya ko Ajingi da wannan? Ai gidan ya riga ya iso, cikin wayar hannu yake. Ko da yake Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo a birnin Kano a 2024, yaro yana iya zubar da kuɗin gyaɗar ubansa yana kwance a ɗaki. Lissafin ɗaya ne: kamfani ya cire rabonsa tun wajen tsara ninkin da zai biya.

Malamin da ke koyar da kashi cikin ɗari, ya gwada aza wa 'yan aji wannan lissafi a allo, ya bar su su nemo ɗarin nan da kansu.