FASHIN BAƘI: Abin da ke ɓata launin dutsen ado na gilashi, da yadda ake gane laifin wuta

A watan Disamba na 2020 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar yin duwatsun ado na gilashi, kamar yadda ake yin ta a Italiya da Faransa, cikin jerin al'adun gado na duniya. Ɗaya daga cikin hanyoyin wannan sana'a ita ce narka sandar gilashi mai launi a bakin harshen wuta, a naɗa narkakken a jikin tsinken ƙarfe, a yi ta juyawa har dutse ya fito da siffarsa. A da, masu sana'ar a Benis da tsibirin Murano, inda aka tattara maƙeran gilashin birnin tun 1291, fitilar mai suke hura wa iska da zugazugi. A yau bututun wuta ake amfani da shi, dangin na masu walda, wanda ke haɗa gas da iskar oksijin.

Kayan aiki sun sauya, amma koken masu koyo bai sauya ba. Mutum ya sayi sanda shuɗiya mai haske, dutsen ya fito ruwan toka. Fari ya yi dabbare-dabbare, ja ya koma kamar hanta, gilashin da ya kamata ya fito garau ya cika da baƙin zare. Wanda abin ya sama yakan ɗora laifin a kan gilashi ko a kan wanda ya sayar masa, kamar zomon da ke fushi da maratayinsa ya bar makashinsa. A mafi yawan lokuta wutar ce mai laifi, kuma wutar da ke ɓata launi tana iya zama alamar matsalar da ta fi asarar gilashi haɗari.

Wuta iri uku

Launin gilashi daga ƙarafa da sinadaran da aka zuba masa yake fitowa. Jan ƙarfe na ba da shuɗi mai ratsin kore, kobal na ba da shuɗi mai duhu, zinariya na ba da ruwan hoda mai tsada, kadmiyom da seleniyom na ba da rawaya da ruwan lemo da ja. Da gilashi ya narke, waɗannan sinadarai na mu'amala da iskar da ke kewaye da su, wato da harshen wutar kansa.

Kafin mudu ɗaya na gas ɗin furofen ya ƙone ƙurmus, yana bukatar mudu 5 na oksijin. Butan, wanda ake samu cikin gas ɗin girki, mudu 6 da rabi yake bukata. Idan awon ya daidaita, ana samun wuta madaidaiciya: ƙananan harsunan da ke bakin bututu shuɗaye ne masu tsini, wutar ba ta da ƙara sosai. Da ita ake yin kusan kowane aiki.

Idan gas ya rinjayi oksijin, wutar takan yi tsawo da laushi, ta baje, bakin ƙananan harsunan ya yi rawaya. Wannan wuta mayunwaciya ce. Oksijin ɗin da ba ta samu daga bututu ba, daga fatar gilashi take fizgo shi, ta bar ƙarfen tsirara a saman dutse, ta kuma shafa masa kunkunniya. Idan kuwa oksijin ne ya yi yawa, wutar takan gajarce, ta yi siriri da fari-fari, tana huci. Ba ta cika ɓata launi ba, sai dai zafinta ya ragu, aiki ya yi nawa.

Akwai wani rawaya da bai kamata a rikita shi da na yawan gas ba. Da zarar an sa gilashi a wuta, wani haske rawaya mai kashe ido yakan tashi a bayansa. Sodiyom ɗin da ke cikin gilashi ne ke haddasa shi, ba ya nuna wata matsala. Saboda shi ne masu sana'ar ke sa tabarau na didimiyom, wanda ke tace hasken su ga abin da hannunsu ke yi. Don haka ana duba launin wuta ne kafin a sa mata gilashi.

Karanta tabo a jikin dutse

Shuɗin jan ƙarfe shi ne ya fi saurin tona asirin wuta. Idan ya fito da jan tabo kamar na tubali, ko da wani sheƙi mai ruwan toka, gas ya yi yawa. Da yawa daga cikin ƙwararru na ajiye guntuwar wannan sanda don gwajin wuta kafin su fara aikin yini. Gilashin da ke da darma a cikinsa shi ma baƙi yake yi a irin wannan wuta. Idan tabon bai yi zurfi ba, ƙara oksijin da mayar da dutsen can gaba cikin wuta na iya goge shi.

Inda ake riƙe dutse ma yana da tasiri. Dab da bakin bututu gas bai gama ƙonewa ba, saboda haka ko wutar madaidaiciya ce, dutsen da aka kusantar da shi can zai sha hayaƙi. Mai koyo yakan matso kusa don gilashi ya yi saurin narkewa, ya jawo wa kansa baƙin zare. Idan aka lulluɓe kunkunniya da wani gilashi, ta zauna ke nan. Sai dai a tsince wurin da hantsaki tun yana da zafi.

Wani tabon kuma zafi ne ke kawo shi. Ja da rawaya da ruwan lemo ba sa jure wuta mai tsanani. Idan aka matsa musu sukan tafasa, su yi ƙananan kumfa, launin ya ƙone ya koma ƙasa-ƙasa, kuma ba ya dawowa. Amma a nan akwai abin lura: waɗannan launuka kan yi duhu sosai, har kusan baƙi, muddin suna da zafi, sannan su koma yadda suke idan sun huce. Ba a yanke wa jan dutse hukunci sai ya yi sanyi.

Akwai launukan da ba sa bayyana sai an bi da su ta wata hanya. Ruwan hodar zinariya da wasu jajaye masu haske sukan zo a sanda kusan babu launi. Sai an siffanta dutsen, an bar shi ya ɗan huce har jan zafinsa ya ɓace, an sake ɗumama shi a hankali a ƙarshen wuta, sannan launin ya fito. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka an sayar masa da jabu.

Wani lokaci kuma launuka biyu ne ba sa ga maciji. Gilashi mai launin hauren giwa yana ɗauke da farar wuta. Idan ya haɗu da shuɗin jan ƙarfe, baƙin layi yakan fito daidai inda suka taɓa juna, komai kyawun wutar. Haka yake yi da azurfa. Wasu masu sana'ar da gangan suke neman wannan layi don ado. Wanda ba ya so, sai ya raba launukan biyu da siririn gilashi marar launi.

Saura datti. Maiƙon hannu, ƙura, da ƙarzunan da ke jikin sanda duk suna zama fari-farin kumfa a cikin gilashi marar launi, shi ya sa ake goge sanda da tsumma mai tsabta kafin a narka ta. Kwaɓin yumɓun da ake shafa wa tsinken ƙarfe don kada dutse ya manne, idan ya ɓare ya shiga gilashi, tabo yake bari. Dutsen da fatarsa ta dushe ta yi kaushi kuwa, galibi ya daɗe ne a matsakaicin zafi har samansa ya fara daskarewa ƙwaya-ƙwaya. Wasu launuka masu kauri sun fi saurin yin haka.

Idan bututun ne ba shi da lafiya

Wani lokaci mai aiki ya murɗa oksijin har ƙarshe amma wutar ta ƙi daidaita. A nan sai a bi kayan aiki ɗaya bayan ɗaya.

Ƙaramin bututun da masu koyo suka fi farawa da shi, irin su Hot Head, gas kaɗai yake sha, ya jawo iska ta ramukan da ke gindinsa. Oksijin kashi 21 ne kawai cikin 100 na iskar da ake shaƙa, don haka wutar wannan bututu ta fi karkata ga yawan gas. Maganinta shi ne a rage gas, a tabbatar ramukan ba su toshe ba, a kuma riƙe dutse nesa da baki.

Masu babban bututu da yawa na amfani da na'urar tace oksijin irin ta asibiti a maimakon tukunyar oksijin. Lafiyayyar na'ura na ba da oksijin da tsabtarsa ta kai kashi 90 ko fiye, amma tana bukatar 'yan mintuna bayan kunnawa kafin ta kai haka. Idan aka buɗe ta fiye da ƙarfinta, iskar takan ƙaru amma tsabtar ta faɗi, wutar ta yi huci alhali tana ɓata launi. Matatar da ƙura ta toshe da kuma danshi su ma suna raunana ta.

Tukunyar gas na da nata halin. Idan ƙarama ce aka ja gas da yawa, takan yi sanyi har raɓa ta kwanta a jikinta, matsin gas ya faɗi, wuta ta yi ta ƙanƙancewa. Butan ya fi furofen saurin yin haka, domin shi a kusan digiri sifili yake daina tashi ya zama iska, furofen kuwa sai a digiri 42 ƙasa da sifili. Tukunya a tsaye take zama. Idan aka kwantar da ita, ruwan gas na iya bin tiyo ya fito da wuta mai tsalle.

Bakin bututu kan tara gawayi idan ana yawan aiki da 'yar ƙaramar wuta, har a ga ɗigon ja yana haske a ramukan, harshen wutar ya karkace ko ya rabu biyu. Ana kashe bututun, a bar shi ya huce, a sunkuyar da bakinsa ƙasa, a share ramukan da siririyar wayar da aka yi don haka.

Tsarin kunnawa da kashewa ba a saɓa shi: gas ake fara buɗewa a kunna, sannan oksijin, wajen kashewa oksijin ake fara rufewa, sannan gas. Idan bututu ya yi ƙara kamar harbi ko ya fara fito, alama ce wuta na neman komawa ciki. Nan take ake rufe oksijin, a rufe gas, kuma ba a sake kunnawa sai an gano dalili. Saboda irin wannan rana ake ɗaura wa kowace tiyo na'urar tare wuta. Tiyon walda da aka yi don asitilin kaɗai furofen na cinye ta a hankali, don haka sai a nemi wadda aka yi domin furofen. Da ruwan sabulu ake neman inda gas ke zurara, ba a kusantar da ashana. Mai ko giris kuwa ba ya taɓa duk abin da oksijin ke bi, domin haɗuwarsu na iya tayar da gobara.

Ɗakin aiki na bukatar fanka mai fitar da iska waje da kuma tagar da sabuwar iska ke shigowa. Wutar da gas ya yi wa yawa tana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma tana kisa. Dutsen da ke fitowa ruwan toka tare da ciwon kan mai aiki gargaɗi ne guda biyu a kan abu ɗaya.

Fashewa bayan an gama

Dutsen da launinsa ya yi kyau na iya tsagewa bayan kwana ɗaya ko bayan wata. Dalili na farko shi ne haɗa gilasan da ba sa kumbura da tsukewa daidai da juna. Ana sayar da sanduna da lambar da ke nuna wannan hali: na Effetre da ake yi a Murano 104, na Bullseye na Amurka 90, gilashin borosiliket mai jure zafi 33. Idan aka gauraya su a dutse ɗaya, wani zai tsuke fiye da wani yayin hucewa, dutsen ya tsage. Dalili na biyu shi ne saurin sanyaya. Gilashin 104 na bukatar ya zauna a tanderu a wajen digiri 510 zuwa 520 a ma'aunin Salsiyos, sannan a sauke zafin sannu a hankali.

Wannan bayani ba na Turai kaɗai ba ne. A Bida ta Jihar Neja, wadda ta shiga jerin biranen fasahar hannu na UNESCO a 2021, masu sana'ar unguwar Masaga na narka kwalabe a murhun yumɓu da itace da zugazugi, su naɗa gilashin a sandar ƙarfe su fitar da tsakiya da awarwaro. Ba bututun gas suke amfani da shi ba, amma dokar ɗaya ce: wutar da ba ta samu isasshiyar iska ba tana shafa wa gilashi hayaƙi, kwalabe iri daban-daban kuma ba lallai su tsuke daidai da juna ba.

Hanyar da ta fi rage asara ita ce a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. A fara da duba wuta babu gilashi, a gwada ta da guntun shuɗin jan ƙarfe, a matsar da dutse gaba, a rage zafi, a goge sanda. Idan duk an yi waɗannan tabon bai tafi ba, sai a yi ƙaramin dutse da wannan launi shi kaɗai, a rubuta sunan sandar da yadda aka saita wutar, a kwatanta shi da wanda ya lalace bayan dukansu sun huce.