Ƙafar da Ta Shanye, Tafiya Ce Maganinta

A gidaje da dama na unguwannin Kakuri, Barnawa da Sabon Tasha, da zarar an sallamo mai shanyewar ɓarin jiki daga asibitin Gwamna Awan ko na St. Gerard, sai a shimfiɗa masa katifa, a hana shi ko ɗaukar buta, ana cewa a bar Baba ya huta. Tausayi ne, amma wannan hutun yana iya raba shi da tafiya har abada. Ciwon yana cikin ƙwaƙwalwa: jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe, galibi saboda hawan jini, sai sashen da ke ba ƙafa umarni ya lalace. Shafa mai da tausa ba sa kaiwa can. Abin da ke kaiwa shi ne maimaita motsi, tashi daga kujera, tsayuwa, ɗaga ƙafa, har ƙwaƙwalwa ta buɗe sabuwar hanyar aika saƙo. Mafi yawan sauƙin kuma a watanni uku zuwa shida na farko ake samunsa. Doguwar kwanciya kuwa ƙagewar gaɓoɓi da gyambon baya take haifarwa.

Wani zai ce ai wannan sai mai kuɗi, ina talaka zai samu injin tafiya, ko kuɗin keke kullum ya ƙetare gada zuwa asibitin Barau Dikko? Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2011, a kan majinyata 408, ya kwatanta masu atisaye a kan injin da ke riƙe nauyin jiki da waɗanda likitan gashi ke koya wa motsa jiki a gida. Bayan shekara guda, injin bai fi gida ba, kuma kimanin rabin majinyatan tafiyarsu ta inganta. Masu tsoron faɗuwa kuma suna da gaskiya, garaje ma illa ne: wani bincike mai suna AVERT na 2015 ya nuna cewa yawan tayar da majinyaci cikin awa 24 na farko bayan ciwon ya same shi yana rage masa damar warkewa. Saboda haka likitan gashi ne zai tsara lokaci da adadi, ya nuna wa mai jinya ya tsaya a ɓangaren da ya shanye.

Sauran aikin na iyali ne. A share tsakar gida, a kawar da tabarma mai zamewa, a samo sanda mai ƙafa huɗu, a ci gaba da shan maganin hawan jini ba fashi. A fara daga ɗaki zuwa ƙofar gida, kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana, har ranar da zai kai kansa masallaci ko coci.