Ƙarin sifirin da jan tirela: Abin da ya kamata masu tsofaffin Fijo a yankin Ƙonni su sani

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da ake ciro albasa a Galmi da sauran garuruwan kwarin Maggiya, babbar hanyar da ta ratsa Malbaza da Tsarnawa da Birnin Ƙonni kan cika maƙil da motocin kaya. Manyan motoci ne ke kwasar albasar zuwa Yamai da Sakkwato da ƙasashen gaɓar teku, amma kafin buhu ya iso bakin kwalta, sau da yawa amalanke ne ko wata tsohuwar a-kori-kura ke fito da shi daga gona.

A cikin waɗannan tsofaffin motoci, ban da Toyota Hilux da Land Cruiser, har yanzu akan ci karo da Peugeot 404 da 504, waɗanda jama'a suka fi sani da Fijo. Da yawansu sun girmi direbobin da ke tuƙa su. Kusan duk wadda ka leƙa ƙarƙashinta za ka tarar an yi mata ƙarin sifirin, wasu kuma an liƙa musu ƙugiya a baya domin jan ƙaramar tirela, wadda a Nijar ake kira ramok.

Wannan gyara yana sa mota ta miƙe tsaye ko da an lafta mata kaya. Sai dai akwai sassan da ƙarin sifirin ba ya ƙara wa ƙarfi, kuma su ne ke riƙe da ran direba da na fasinja.

Yadda Fijo ta zama 'yar gida

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fitar da 404 a 1960, sannan ya biyo ta da 504 a 1968, wadda ta lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969. Sunanta ya ƙara fitowa a Afirka bayan da ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kaduna. An daɗe da daina ƙera 504 a Faransa, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000.

Ta hanyoyi biyu Fijo ta riƙa shigowa ƙasar Adar. Wasu sun shigo daga kudu ta Sakkwato da Illelar Najeriya, garin da ke fuskantar Ƙonni a kan iyaka. Wasu kuma Turawa ne suka riƙa tuƙo su daga Faransa a shekarun 1970 da 1980, su keto Sahara ta Tamanrasset da Arlit da Agadas, su sayar a Nijar su koma gida a jirgi.

Abin da ya sa ta zauna da gindinta shi ne sauƙin gyara. Injinta ba ya buƙatar kwamfuta, tana da tsayi daga ƙasa, kuma kayan gyaranta sun yawaita saboda kusancin Kaduna. Shi ya sa ko da sababbin motoci suka cika gari, masu ita kan ce da tsohuwar zuma ake magani.

Me ya sa ake lafta mata kaya?

Lissafi ne na neman abinci. Tun da Najeriya ta cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, man da garuruwan kan iyaka suka saba samu da araha ya yi tsada. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma aka rufe iyakar Ƙonni da Illela, ba a buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024, lamarin da ya durƙusar da masu sufuri da dama.

Direban da ya ga zai iya yin sawu ɗaya maimakon biyu, da wuya ya ƙi. Mai buhunan siminti a Malbaza, garin da ke da masana'antar siminti tun shekarun 1960, yana so a kai masa kayansa ƙauye a tashi ɗaya. Haka mai dabbobi ko hatsin da zai kai kasuwar Badagishiri, a gundumar Illelar jihar Tawa.

Buhun siminti kilo 50 ne. Babban buhun albasa kuwa yakan haura kilo 100. A-kori-kurar 504 an ƙera ta ne domin ɗaukar abin da bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, wato buhun albasa goma ya kusa cinye ƙarfinta tun kafin mutane su hau sama.

Abin da ƙarin sifirin ke yi, da wanda ba ya yi

Ba duk 504 ce ke da sifirin iri ɗaya ba. Ta shiga mai ƙofa huɗu da doguwar mai ɗaukar iyali suna da sifirin murɗaɗɗe a baya. A-kori-kura ce ke da na falle-falle, wanda aka jera ƙarafa ɗaya kan ɗaya. Shi ne makanikai ke kwancewa su ƙara falle ɗaya ko biyu ko fiye, galibi daga na wata babbar mota. A mai murɗaɗɗen sifirin kuma akan sa wanda ya fi kauri, ko a cusa guntun roba a tsakaninsa.

Amfanin hakan a fili yake. Bayan mota ya daina zama a ƙasa, taya ta daina gogar bodi, ƙarƙashin mota kuma ya daina dukan duwatsu a hanyoyin burji da mashigan ƙoramu.

Sai dai nauyin bai je ko'ina ba. Yana nan a kan aksil ɗin baya, da boris, da taya, da shasi, da birki, kuma babu ɗaya daga cikinsu da aka ƙara wa ƙarfi. Zaman da bayan mota ke yi idan kaya sun yi yawa gargaɗi ne. Wanda ya yi ƙarin sifirin ya kawar da gargaɗin ne, nauyin kuwa yana nan daram.

Akwai kuma wata illa. Sifirin da ya yi tauri ba ya shanye dukan rami, sai ya miƙa shi ga shasi. A motar da ta shekara 40 tana shan tsatsa da walda, nan ne ake samun tsagewa, musamman a wuraren da aka rataye sifirin. Idan kuma motar ba ta da kaya, bayanta kan riƙa tsalle a kan hanya mai gargada, taya ta rage riƙon ƙasa, lamarin da kan sa mota ta juya a kwana.

Shokazoba ma ba ta ɗaukar kaya. Aikinta hana mota lilo bayan ta faɗa rami. In an ƙara sifirin aka bar tsohuwar shokazoba da ta zubar da manta, an yi gyaran rabi ne.

Jan tirela: dabara ce idan an bi ƙa'ida

Raba kaya tsakanin mota da tirela ya fi lafta shi duka a bayan mota, domin tirela na da nata tayoyin. A Turai har yau akwai masu sha'awar tsofaffin motoci da ke jan ɗakin kwana mai taya da 404 ko 504 zuwa yawon buɗe ido. Bambancin shi ne su suna da ƙa'idojin da suke bi sau da ƙafa.

A ƙasashen Tarayyar Turai, tirelar da ba ta da birkin kanta ba ta wuce kilo 750, ita da kayanta, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ta wuce rabin nauyin motar da ke jan ta. Motar shiga ta 504 nauyinta kimanin kilo 1,200 ne, ke nan rabonta kilo 600. Idan tirelar kanta ta kai kilo 200, abin da ya rage buhun siminti takwas ne kacal.

Ko tirela mai birki ce, ƙungiyoyin masu jan ɗakin kwana a Ingila na ba sababbin direbobi shawarar kada nauyinta ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin mota. A Faransa kuwa, tirelar da aka amince ta kai fiye da kilo 500 sai an yi mata takarda da lambarta daban.

A yankin Ƙonni yawancin ƙananan tireloli aikin masu walda ne, da aksil ɗin tsohuwar mota, irin wanda ake yi wa amalanken jaki ko na shanu. Abin da aka ƙera domin tafiyar jaki ba zai jure gudun kilomita 70 a sa'a ba. Galibi babu birki, babu fitila, babu sarƙar kariya.

Tsarin lodi ma na da nasa hukunci. Ana so mafi nauyin kaya, kimanin kashi 60 cikin 100, ya kasance gaban tayoyin tirela, ta yadda wuyanta zai ɗan danna ƙugiya. Idan nauyi ya koma baya, tirela kan fara kaɗa wutsiya hagu da dama har ta fi ƙarfin direba. Idan kuma ya yi yawa a kan ƙugiya, gaban mota kan ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, birkin gaba ya rage kamawa, fitilu kuma su riƙa haska idon mai tahowa.

In tirela ta fara wannan rawa, taka birki da ƙarfi na ƙara dagula lamarin. Abin yi shi ne a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a riƙe sitiyari a miƙe har gudu ya ragu.

Ƙugiya kuma a jikin shasi ake ɗaure ta da kusoshi masu ƙarfi. Wadda aka liƙa da walda a jikin bamba na iya ɓallewa a rami guda, tirela ta kama gabanta a tsakiyar masu babura da masu tafiya a ƙasa.

Birki, taya da zafin bazara

Motar kilo 1,200 da ke jan kilo 600 maras birki ta ƙara wa birkinta rabin aikinsa. Gudu ya fi wannan muni: in aka ninka shi sau biyu, tazarar tsayawa kan ninka sau huɗu. A gangaren tuddan Adar, direban da ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama na iya tarar da shi ya yi zafi ya daina kamawa kafin ya sauka. Ƙaramar giya ce maganin gangara.

Kakar albasa kuma ta zo daidai da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos a wannan yanki. Kaya mai nauyi da ƙarancin iska da kwalta mai zafi su ne ke fasa taya.

Kowace taya na ɗauke da bayaninta a gefe. Lambar da ke bayan girmanta ita ke nuna nauyin da za ta iya ɗauka: 91 na nufin kilo 615, 94 kilo 670, 100 kuma kilo 800. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT na nuna mako da shekarar ƙera ta, misali 2315 na nufin mako na 23 a 2015. Tayar gwanjo na iya kasancewa da zane mai kyau alhali robarta ta tsufa. Tayar da aka yi wa alamar C ita ce ta motocin kaya.

Injin ma na shan wahala. Lagireton da ya toshe da laka, ko kulocin da ya cinye, ba sa nuna kansu sai an ɗaura tirela an tunkari hawa.

Kafin a kai mota gareji

Ga matashin da ya gaji tsohuwar Fijo, ko ɗan ci-ranin da ke turo kuɗi daga Abijan ko Libiya ko Faransa domin a tayar da motar gida ta riƙa kawo na cefane, jerin gyara ya kamata ya fara daga birki, sai taya, sai boris da shasi. Sifirin ne na ƙarshe.

In za a taɓa shi, a fara da maye gurbin fallen da ya karye ko ya gaji. In ƙari ya zama dole, ya kasance daidai a ɓangarorin biyu, a sa sababbin kusoshin ɗauri masu tsawon da ya dace, a canza shokazoba tare. Ba a yi wa fallen sifirin walda, domin wuta na kashe ƙarfinsa.

A kuma nemi farantin ƙarfen da kamfani ya manna a jikin mota, wanda a yawancin motocin Turai ke nuna iyakar nauyin mota da na kowane aksil. Wannan adadi ba ya canzawa komai yawan fallen da aka ƙara.

Ƙungiyar UEMOA ta kafa dokar taƙaita nauyin manyan motoci tun 2005, amma sikelin kan hanya ba domin a-kori-kura da ƙaramar tirela aka kafa shi ba. Hukumar ANISER a Nijar da FRSC a Najeriya na da aikin wayar da kai a gabansu, haka ma shugabannin tasha da ƙungiyoyin makanikai, tunda su direba ke gani kullum.

Kuɗin sawu na biyu daga Galmi zuwa Ƙonni bai kai kuɗin aksil ɗin da ya karye ba, balle albasar da ta zube a kwalta ko kwanciyar asibiti. Hausawa dai sun ce garin neman ƙiba akan samo rama.